Ruwan Kwanon Ɗakin Baba

Ni ce 'yar fari a gidanmu, saboda haka tun da na yi wayo Baba bai taɓa duban idona ya yi mini magana ba. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na wajen Dayi ya san ta. Kakanmu ya karɓi addinin Kirista tun zamanin 'yan mishan, ya bar abubuwa da yawa na iyayensa, amma wannan kunyar bai bar ta ba, ɗansa ma bai bari ba. Baba ba ya kama sunana. In zai ambace ni sai ya ce "mutanen Funtuwa", ko da ni kaɗai na zo. Inna ma haka take, sai dai ita mukan ɗan taɓa hira in hannunta na cikin aiki, fuskarta na kallon tukunya. Da aka yaye ni aka miƙa ni wajen Gwaggo, yayar Baba, a hannunta na girma har na tafi koyon aikin jinya. Gwaggo ce bakin Baba a wajena. In yana da magana ya gaya mata, ita kuma ta ƙara mata gishiri da barkono ta kawo mini.

Ni kuwa Allah ya yi ni da gaggawa. Na yi shekaru ina aiki a ɗakin haihuwa a Funtuwa, wurin da in kika tsaya jin ra'ayin kowa sai a yi asara, don haka na saba da yanke magana a tsaye. Ƙannena suna ce mini Soja a bayan idona, sun ɗauka ban sani ba. Na sani sarai, kuma a lokacin ina jin daɗin sunan.

Ɗakin Baba soro ne, shi ya gina shi da hannunsa shekarar da ya auri Inna. Azara ce a sama, an shimfiɗa zana an zuba ƙasa, ruwa kuma yana sauka ta indararo guda ɗaya cikin tsakar gida. Kowace bazara Baba yakan hau ya sake yaɓe kafin ruwa ya sauka. Da ƙarfi ya fara ja baya sai yaɓen ya zama na shafe-shafe, soron ya fara yoyo. Wata damina na zo na tarar da bokiti a kan gadonsa, tasa biyu a ƙasa, takardunsa na coci a ƙulle cikin leda an rataye a ƙusa. A daminar nan ce kuma Inna ta zame a caɓin da ke ƙarƙashin indararon, ta gurɗe a wuyan hannu, ta yi wata guda ƙanwata tana yi mata daka. Da zan koma, tun a kan babur, kafin in kai titi, na gama shawara da kaina: za a yi wa ɗakin nan rufin kwano, kuma ruwa ya gama sauka a tsakar gidanmu.

Bayan ɗakin Baba gidan Malam ne. Malam manomi ne, Musulmi, sa'an Baba, kuma abokinsa tun kafin a haife ni. Kullum bayan la'asar suna kan tabarma ɗaya a gindin dalbejiyar ƙofar gida, suna musu a kan taki da iri da san wa ya fi jan garma. Ban taɓa jin sun yarda da juna a kan komai ba, ban kuma taɓa jin ɗaya ya tashi da fushi ba. Ran Lahadi in an tafi coci Malam ke leƙa shanun Baba, ran Juma'a Baba ke leƙa nasa. In ka cire gona da coci, wannan tabarmar ita ce duk duniyar Baba. Na san wannan kamar yadda na san sunana, amma da yake ba a gidan na girma ba, ban san yadda bayan ɗakin yake ba. A kaina akwai lungu tsakanin gidajen biyu. Ashe lungun a bayan ɗakin Inna yake, bangon ɗakin Baba kuwa shi ne iyaka.

Na jira har aka gama kaka, aka shiga bazara. Na sayi kwano da katako da ƙusa mai hula da langalanga a Funtuwa, aka loda a akori-kura, na ɗauko kafinta da magininsa daga can. Akwai kafinta a ƙauyenmu, amma na raina shi, na ce aikin birni nake so. Wanda na ɗauko mutum ne mai fara'a, Hajiya yake ce mini. Na gaya masa ni ba Hajiya ba ce, ya ce to Allah ya kai ni, na ƙyale shi. Gwaggo kuwa ba ta gari, tana Gozaki wajen jikarta da ta haihu, sai an yi arba'in za ta dawo. Ban ɗauki rashinta a bakin komai ba, har ma na ji daɗi ba mai tsayawa a kaina.

Kafinta ya hau soron, ya zagaya, ya sauko ya shiga ɗaki ya ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya. Ya ce azarar nan ta fi katakon da muka sayo lafiya, zunubi ne a cire ta. A bar soron yadda yake, a ɗora kwano a kansa, ɗakin zai riƙe sanyinsa kuma ƙarar ruwa ba za ta dami tsoho ba. Abin da za a yi kawai, a jera bulo a kan bango, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo don kwanon ya samu gangara. Sai ya tambaye ni ta ina nake so ruwa ya sauka, gaba ko baya. Na ce baya. Ya ce bayan fili ne? Na ce lungu ne.

Baba yana tsaye kusa da indararon, hannunsa a kan bango. Bai dube ni ba, kafinta ya duba.

"Malam kafinta," ya ce, "ruwan ɗakin nan tun da aka gina shi cikin gida yake sauka. Ban taɓa zuba ma kowa ba."

Kafinta ya juyo ya dube ni. Ni ma ba na amsa wa Baba kai tsaye, don haka kafintan na ba amsa. Na ce ai saukar da yake yi cikin gida ita ta kayar da Inna, baya za a juya shi. Na ji abin da Baba ya ce, ba zan yi ƙarya ba, amma na ɗauke shi a matsayin maganar tsoho da ba ya son a taɓa masa abin da ya saba. Baba ya ɗauki malfarsa ya fita. Inna tana bakin murhu, ta ƙara sunkuyar da kai tana hura wutar da take ci da kyau.

Kwana uku aka yi ana aikin, kuma har yau in na tuna su ina jin daɗi. Ranar farko magini ya jera bulo, yana binne langalanga a ƙarƙashinsu, bakinta biyu a waje don a ɗaure katako da ita, saboda iskar farkon damina a wajenmu ba ta wasa da rufi. Aka baje katako a tsakar gida ana shafa masa baƙin mai don gara, warin ya cika gidan, kaji suka taka suka bi ko'ina da sawu. Ni da matan ƙannena muka yi dambun masara da zogale a babbar tukunya. Rana ta biyu aka hau da katako. Kafinta yana zaune a sama, ƙusoshi a bakinsa, yana ja da zare yana kashe ido ɗaya, in ya ce a matsa da kaɗan sai an matsa da kaɗan ɗin. Na tsaya a ƙasa ina ba da umarni a kan aikin da ban san kansa ba, shi kuma yana cewa to Hajiya yana yin abin da ya ga dama.

A ranar ce ya leƙa baya ya kira ni, ya ce ba lungu ba ne fa, gidan mutane ne, har da rumbu kusa da bangon. Hannuna na cikin kwaɓin dambu, bulo ya riga ya kama, katako ya hau rabi. Na ce to ya rage bakin kwanon ta baya, ruwa ya bi bango ya wuce. Ya ce to. Shi baƙo ne, wadda ta ɗauko shi ta yi magana, gobe zai koma Funtuwa. Ban je na leƙa da idona ba, tafiyar da ba ta fi taku talatin ba.

Rana ta uku aka buga kwano. Ana miƙa shi falle-falle daga ƙasa, rana na dukansa har ba a iya kallo. Kafinta ya cire takalmi, yana taka layin ƙusa kawai don kada kwanon ya lotsa. Ya nuna mini cewa a kan tudun kwano ake buga ƙusa, in aka buga a kwarin to an yi wa ruwa ƙofa. Ƙarar guduma ta kai har bakin rafi, mutane suka yi ta shigowa suna Allah ya sanya alheri. Matan coci suka zo suka yi guɗa, wata ta ce a haifi mace a huta. Na yi kamar ban ji ba, amma kaina ya ƙara girma.

Malam ya aiko wa ma'aikata da fura a babbar ƙwarya, da yamma kuma ya shigo da kansa. Ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon rufin, daga gaba inda ya yi tsawo har baya inda ya gangara. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Ma sha Allah. Ɗiyata, Allah ya yi maki albarka, ya ba ki masu yi maki." Bai ƙara komai ba, ya fita. Na ɗauki hoton ɗakin a waya na tura wa duk wanda na sani.

Abu ɗaya ya rage mini. Na so in ji ko ta bakin wani cewa Baba ya ji daɗi. Ban sa ran ya dube ni ya gode ba, ba a yin haka, amma akwai hanyoyi. Yakan iya gaya wa Inna da ƙarfi yadda zan ji, ko ya sa a kama mini zakara in tafi da shi. Ba zakara, ba magana. Na koma Funtuwa ina cewa a raina tsofaffi ba a iya musu, kuma gaskiya abin ya ɗan sosa mini rai.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Nakan kira Inna a wayar ƙanena in tambayi rufi, ta ce lafiya lau, tsakar gida a bushe. In tambayi Baba, ta ce yana ɗaki. Na kira da hantsi yana gona, na kira da yamma yana ɗaki, na sake kira wata yammar yana ɗaki. Na yi dariya na ce wa abokan aikina tsohon ya samu ɗaki mai daɗi har ya daina fita.

Wata Talata ina duba masu awon ciki, na ɗaga labule in kira ta gaba, sai ga Gwaggo zaune a kan benci a tsakiyarsu, da sandarta da ƙullin kayanta. Ɗan acaɓa ta hau tun daga ƙauye har titi, ta shiga mota, ita da ba ta son tafiya. Na tambaye ta wa ya rasu. Ta ce ba wanda ya rasu, in gama aikina, ita ba ta iya faɗa da yunwa ba kuma ba ta iya shi a gaban mutane ba. Sai da na kai ta gida ta ci tuwo ta wanke hannu, sannan ta wanke ni tas.

Ta ce ruwan kwanon da na buga gaba ɗayansa a gindin rumbun Malam yake sauka. Ruwa uku aka yi gindin ya jiƙe, dawar da ke ƙasan rumbun ta yi funfuna, wata har ta tsira. Malam da 'ya'yansa suka kwashe sauran suka jibge a zaure, suka haƙa 'yar hanya suka jera duwatsu, ba su ce wa kowa uffan ba. Baba ya ji motsin kwasar ta bango. Tun daga ranar bai sake zama a gindin dalbejiya ba, mako biyar ke nan. Ta bayan gari yake zagayawa zuwa gona don kada su haɗu. Malam kullum sai ya yi sallama ya tambaye shi, Inna ta ce mura yake yi. Ta ce abin da ya fi ba ta tausayi, in hadari ya taso kowane manomi yana murna, ƙanenta kuwa sai ya shiga ɗaki ya zauna ya haɗa kai da gwiwa.

Na hasala, don ni in na ji kunya fushi ke fara zuwa. Na ce to me ya hana a gaya mini? Ga waya a hannun kowa, sai a bar ni ina tura hoto kamar wata sakarya?

"An gaya maki," in ji Gwaggo. "Gaban kowa ya tsaya ya faɗi. Tunda uwarki ta haife ki, kin taɓa jin ya yi magana mai tsawon wannan kina wurin? Ke kika saya, ke kika kawo mai aiki, ke ce ta fari. Ya ce maki a'a gaban baƙo? Iyakar abin da zai iya ke nan, kika taka kika wuce."

Ta ci gaba, a hankali yanzu, ta ce a garinmu ba a zuba wa maƙwabci ruwan rufi, ko ɗan yaye ya sani. Ranar da aka ɗora azarar ɗakin nan Malam na cikin waɗanda suka ɗaga ta, kuma a gabansa Baba ya kafa indararon yana kallon cikin gida. Yanzu Baba ba zai iya zuwa ya ba da haƙuri ba tare da ya ce 'yarsa ta yi laifi ba, ba zai iya sa a cire kwanon ba tare da ya kunyata ni ba, kuma ba zai iya zama kusa da Malam ya yi musun taki kamar ba abin da ya faru ba. Shi ya sa ya zaɓi ɗaki.

Washegari na nemi hutun kwana uku muka tafi tare. Ban shiga gidanmu ba, gidan Malam na fara yin sallama. Matarsa ta rungume ni tana tsokanata wai na yi ƙiba. Na wuce buhunan dawa a zaure na yi kamar ban gani ba, ita ma ta yi kamar babu su. Muna cikin gaisuwa da azahar hadari ya haɗo, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na tsaya a ƙofar ɗakinta na ga aikina da idona. Indararo wuri ɗaya yake zuba, ka san inda za ka kauce masa. Kwano kuwa tun daga wannan kusurwa har waccan yake zubarwa, kowane kwari da nasa igiyar ruwa, duk suna dukan gindin rumbun suna fantsama. Rage bakin da na sa aka yi bai hana komai ba, ya ma sa ruwan yana cin gindin bangon Baba. Rumbun ya ɗan karkata, an tokare shi da itace biyu.

Da ruwa ya tsagaita Malam ya shigo daga masallaci, rigarsa a jiƙe. Na durƙusa na fara ba da haƙuri, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce ruwan Allah ne, rumbun ma ya tsufa, dama yana da niyyar sake shi. Na ce ai ya ga gangarar tun ranar da ya shigo, me ya sa bai yi magana ba? Ya yi murmushi ya ce ɗiya ta yi wa ubanta abin alheri, ana guɗa, shi ne zai buɗe baki ya ce rumbunsa?

"Dawa ce, an kwashe," ya ce. "Babanki dai ya fito. Na san ba mura yake ba, muryarshi nake ji ta bango yana ma akuya faɗa. Kada ki ce mashi kin zo nan, kunya za ta ƙara kama shi."

Ban bi wannan umarnin ba. Na shiga gida, Baba yana ɗaki, ƙofa a buɗe. Na durƙusa a bakin ƙofar, Gwaggo ta zauna a kan turmi tsakaninmu. Na dubi ƙasa na ce wa Gwaggo ta gaya wa Baba na je gidan Malam na gani, na yi kuskure, an yi mini magana ban ji ba, kuma ba zan koma Funtuwa ba sai an gyara. Gwaggo ba ta maimaita ba, don ɗakin ba shi da wani nisa. Baba ya yi gyaran murya ya tambayi Gwaggo ko an ba baƙi ruwa.

Ni a zafina so na yi a ɓamɓare kwanon gaba ɗaya a juya shi. Wannan karon sai na aika a kira kafintan ƙauyenmu, wanda na raina, na kuma rufe bakina har ya gama magana. Ya ce ba a buɗe ɗaki tsakiyar damina. A je kasuwar Dayi wajen maƙerin da ke yin bokiti, ya naɗa dogon indararo na kwano, a kafa shi a bakin rufin ta baya daga kusurwa zuwa kusurwa, ya tare ruwan ya zagayo da shi ta gefen ɗaki ya dawo cikin gidanmu. A ajiye duro a kan duwatsu ya riƙa tara wa Inna ruwan wanki, wanda ya yi saura ya bi rariya ya fita waje. Ya faɗi wannan duka ba tare da ya tuna mini cewa na tsallake shi na ɗauko na birni ba, kuma hakan ya fi zagi zafi.

Matsala ɗaya ce, ba a iya kafa indararon sai an jingina tsani ta cikin gidan Malam. Na ce zan je in nemi izini. Gwaggo ta ce ba nawa ba ne, mai gida ke neman izinin mai gida, kuma ta faɗe shi da ƙarfin da ya wuce buƙatar kunnena.

Kashegari aka kawo indararon a kan babur, dogo, mutum biyu na riƙe da shi. Kafinta ya ajiye kayan aikinsa ya zauna jira. Kowa ya kama wani ɗan aiki yana satar kallon ƙofar Baba. Can sai ga shi ya fito da rigarsa ta zuwa coci, ya wuce mu ya ɗauki tsanin da ke jingine a bangon garke. Ƙanena ya taso zai karɓa, Baba ya yi masa wani kallo, ya koma ya zauna. Tsanin ya fi ƙarfinsa, ƙarshensa na jan ƙasa, haka ya fita da shi. Na bi shi daga nesa na tsaya a bakin zaurenmu.

Ya tsaya a ƙofar Malam ya yi sallama. Malam ya fito, ya dubi Baba, ya dubi tsanin. Na jira in ji ban haƙuri, ko wata doguwar magana irin ta manya.

"Haka ake ɗaukar tsani a gidanku?" in ji Malam. "Kawo nan, za ka karya mutane."

"Kai da ba ka iya tokare rumbu ba za ka koya mani ɗaukar tsani?" in ji Baba.

Malam ya kama ƙarshen da ke jan ƙasa, suka shige ciki suna musun wa zai wuce gaba. Duk tsawon aikin suna gindin tsanin, wannan ya riƙe ƙafa ɗaya wancan ya riƙe ɗaya, kowa na ba kafinta umarnin da ya saɓa wa na ɗan'uwansa. Ni ranar ruwa kawai na kai wa mutane.

Da la'asar aka yi ruwa mai kyau. Muka tsaya da Inna a bakin madafa muna kallon duro yana cika, tsakar gida ba caɓi. Matar Malam ta ɗaga murya ta bango ta ce ko ɗigo bai sauka wajensu ba. Ruwa na ɗaukewa Baba ya naɗe tabarmarsa ya fita, ƙasa ma ba ta tsane ba.

Rana ta uku da yamma ɗan acaɓa ya zo ɗaukata. Suna gindin dalbejiya su biyu, suna gardamar ko a sake rumbun a inda yake ko a matsar da shi in kaka ta yi. Na je na durƙusa a gefen tabarmar na yi wa Malam sallama, ya sa mini albarka, ya ce in gaida mutanen Funtuwa. Na ɗan jira kamar yadda na saba, sannan na yunƙura zan tashi. Sai Baba, yana kallon wajen gonaki, ya taɓa gwiwar Malam.

"Ka gaya mata ɗakin ba ya yoyo," ya ce. "Ko ɗigo ɗaya. Tun ruwan farko."

Tsakanina da Baba bai fi kamu uku ba. Amma Malam ya gyara zama, ya juyo gare ni da fuskar manya, ya maimaita mini kalma bayan kalma, bai rage ba bai ƙara ba. Na ce a gaya masa na ji. Na hau babur na ja mayafi na rufe fuskata, ɗan acaɓa yana ta tambayata ko gudu ya yi yawa, ni kuwa hawaye nake sharewa har muka kai Dayi.